Wai Kula da Muhalli Sai Wanda Ya Ƙoshi?

Na san halinku. Da an ambaci kula da muhalli sai ku taɓe baki, ku ce zancen 'yan boko ne da suka ci suka ƙoshi suna neman abin faɗa a rediyo. To sannunku da taɓe baki. Ku gyara zama, yau da ku nake, ku 'yan teburin mai shayi tun daga Toranke har Gaya.

Bari in fara da kai, Alhaji. Ranar kasuwa ka sayi tumatir, leda. Attaruhu, leda. Albasa biyu tal, ita ma da ledarta, har kana ce wa yaron ya ninka maka kar ta fashe. Maƙwabcinka da kake kira sarkin maƙo ya tafi da tsohon buhunsa ɗaure a bayan keke, ya juye komai a ciki. Kuɗin cefanenku ɗaya, miyarku ɗaya. Sai dai kafin la'asar iska ta kwashi ledojinka ta watsa a bayan gari, akuyar Hajiya ta bi ta haɗiye masu ƙanshin mai da gishiri. Je ka tambayi mahauci abin da yake zarowa daga tumbin akuyar da ta ƙi ƙiba duk dusar da ake zuba mata. Dunƙulen leda ne, baƙi ƙirin, ya murɗe ya toshe ciki. Kai kuma kana can kana zargin maita.

"Ai aikin gwamnati ne ta hana." Madalla. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ma ta haramta farar robar nan ta zuba abinci a farkon 2024. Ranar da doka irin wannan ta iso Ajingi, na rantse kai ne za ka fara kiran gidan rediyo kana cewa an matsa wa talaka.

Na ji wani daga can ƙarshen benci yana cewa, "Malam, daina yaudarar kanka, wannan duk talauci ne." To kai ka kawo magana. Gaskiya ne, Inna ba don sauyin yanayi ta ajiye randa a gindin darbejiya ba. Gwangwanin madara ya zama ma'auni, tsohon zani ya zama tsumma, ruwan wanke-wanke ya tafi gindin zogale, toka da kashin awaki jaki ya kai gona. Rabin wannan rashi ne ya koyar, ban musa ba. Amma ana gane mutum ne ranar da kuɗi suka shigo, bayan an sayar da riɗi ko gyaɗa. Wani ya kai rediyonsa wurin mai gyara, ya ɗora faranti ɗaya na sola a kan rufi. Wani kuwa ya sayo ƙaramin janareta don unguwa ta san ya samu, ya jido tocilan masu arha da ba sa kai wata guda, ranar suna a raba abinci a roba da ruwan leda, washegari lungu ya yi fari fat. Dukansu sun taso a kan randa ɗaya.

Abin dariyar ma, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na ga da yawanku kun tuba a ɓoye. Janareta yana ɗaki ya sha ƙura, mai cajin waya ya koma sola, mai babur yana kashe inji a gangara. Kuna aikin 'yan muhalli tuƙuru, sunan ne kawai ba kwa so.

Sai batun itace, inda gardamar ta fi zafi. Akwai mai sare gawo ɗungurungum ya mayar da shi gawayi, akwai mai datse reshe ya bar uwar. Na biyun ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki kyauta a gindinsa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. In kun ce wannan ma ƙoshi ne, ku leƙa Maraɗi. A shekarun 1980 manoman can, tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon sassabe shi ƙarƙaf. Yau ana ƙiyasta bishiyoyi wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin kuwa ya kankama ne lokacin yunwar 1984, sa'ad da rumbuna suka zama wayam.

Don haka, Alhaji, a sake wata hujjar, wannan ta ƙoshi ta faɗi. Ka shanye shayinka kafin ya huce. Na ga ma ka ce a ƙulla wa yara nasu a leda.