Ni da Gishiri a Gidan Bakin Teku

Bakano ba shi da wani dalilin sayen gida a bakin teku. Tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita dubu ce, kuma babban ruwan da muka sani shi ne na Tiga. Amma na daɗe ina fatauci tsakanin Kano da Kumasi da Akra, kuma duk wanda ya shekara da shekaru yana kwana a masaukin mutane, wata rana zuciya za ta raya masa ya mallaki ɗakin kansa. Tawa zuciyar ba ta tsaya nan ba, ta ce lallai sai inda ake jin ƙarar ruwa.

Wani dillali ne ya nuna mini hoton a waya. Ɗan gida ne na dutse a wani ƙauyen masunta yamma da Elmina, ɗaki uku da baranda, ga bishiyoyin kwakwa, ga rana tana faɗuwa a bayansa. Da na je na gane gwanintar mai hoton, domin ya tsaya ne daidai ɓangaren da har yanzu yake da rufi. A jikin bango kuma an rubuta da jan fenti, da manyan baƙaƙen Turanci, cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Na nuna wa dillali. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai don 'yan damfara aka rubuta. Kai ɗan damfara ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka ga bai shafe ka ba."

Sai da na biya kafin alƙalami na fara sanin masu gidan. Fante ne mutanen wannan gaɓa, kuma a al'adarsu dangi ta wajen uwa ake lissafa shi. Tsohon gida irin wannan na zuri'a ne gaba ɗaya, ɗan 'yar'uwar mamaci yana da bakin magana a kai, kuma ba a yin ciniki sai da hannun shugaban dangi da manyansu. Ni da na taso ina jin malamai suna raba gado da sudusi da sumuni, sai ga ni zaune a kan benci gaban wata tsohuwa mai bandar kifi, ana gaya mini in ba ta ce to ba, babu ciniki. Bayan ita wani ya zo daga Takoradi, wani ya bugo waya daga Jamus. Kowanne ya rantse shi ne na ƙarshe.

Lauya ya ƙara mini da cewa tsarin mulkin Ghana na 1992 bai yarda baƙo ya mallaki ƙasa har abada ba, iyakarsa hayar shekara 50 a lokaci guda. Na lissafa shekaruna, na ɗora hamsin a kai, na ce ya rubuta, ragowar rigimar ta jikoki ce.

Saura gaisuwar sarkin ƙauye. Aka ce al'ada sai da kwalaben barasar da ake zuba wa kakanni a ƙasa. Ni alhaji guda, da gemuna da carbina, in ratsa gari rungume da kwalabe? Mai masaukina a Zangon Elmina, wanda kakanninsa suka zauna a nan tun zamanin Turawa, ya ce in kwantar da hankalina, an daɗe da gano maganin wannan: a sa kuɗin a ambulan, kowa ya ji da Ubangijinsa. Don in nuna mu ma muna da al'ada, na haɗa da ƙwaryar goro. Nana, wato sarkin, ya karɓa, ya jujjuya ɗaya a hannu, ya ce wa tafinta a yi mini godiya da na dawo musu da goron dajinsu.

Ranar da magini ya zo duba aiki, ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da bakin cokalinsa, ya tsaya ya ce miliyan ɗari biyu. Sai da na nemi wurin zama. Ɗan mai masaukina da ke mini tafinta ya bar ni na gama salati, sannan ya ce, "Baba, tsohon kuɗi yake nufi." A shekarar 2007 Ghana ta yanke sifili huɗu daga kuɗinta, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, amma bakin mutane da yawa bai bi gwamnati ba. Miliyan ɗaya a bakin magini sidi ɗari ne. Daga ranar na zama attajirin da ban taɓa zama ba. Ina ba lebura dubu ɗari biyu ya ci dokunu da kifi, ina sayen buhun siminti da miliyan da 'yan kai, har na riƙa buga waya Kano ina ambatar kuɗin da ƙarfi don a ji.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon masunci, da kullum yake zaune ƙarƙashin kwakwa yana ɗinkin koma. Egya ake ce masa, ni ma na bi. Da ya ga an sauke siminti ya kira tafinta ya ce a gaya wa Alhaji wannan bango da dutse da ƙasa aka gina shi, farar ƙasa yake so, ba siminti ba. Ya nuna gabas da haɓarsa, wajen babbar ganuwar Elmina. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, kuma ta ƙofarta aka fitar da bayin Allah masu yawa zuwa ƙetaren teku ba su dawo ba. Ya ce duk waɗannan sun zo sun tafi, ginin yana nan, ana shafa masa farar ƙasa. Na yi masa godiya irin wadda ake yi wa tsoho, na ce wa magini a ci gaba. Ina so in 'yan Kano sun zo su ga filasta sumul da fenti ruwan madara.

Sumul ɗin ya yi kuwa, har na ɗauki hoto na tura wa uwargida. Damina ta sauka, wadda a can take tsananta a watan Yuni. Kafin ta ɗauke, fenti ya yi bororo, wani farin gari ya fito a gindin bango. Na dangwala na ɗanɗana, gishiri ne tsantsa. Sannan filastar ta fara ɓamɓarowa falle-falle kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Tsohon bango yana shan danshi ya fitar da shi ta jikin farar ƙasa, siminti kuwa ya toshe masa hanya, ruwa ya taru a baya ya turo shi waje. Maginan ƙasa na cikin Birnin Kano sun san haka tun zamanin makuba, sai dai su ba su da gishiri a cikin iska. Da na matsa wa magini da tambaya, sai ta fito cewa yashin ma daga bakin ruwa yaransa suke ɗebowa da dare, abin da hukuma ta hana saboda yana ƙara zaizayar gaɓa. Ni kuma na biya kuɗin tifa daga wani rami mai nisa, da kuɗin mai, da na direba.

Amma abin da ya fi ci mini rai ƙofa ce. Ban yarda da gambun katakon da na tarar ba, duk da kafinta ya ce odum ne, icen da mutanen Legas ke kira iroko, gara ba ta kusantarsa. Na sa aka cire, na yi odar ƙofar ƙarfe daga Kano, mai ado da tauraro, ta bi mota ta ratsa Kwatano da Lome aka sauke ta da kirari. Na rataya mata kwaɗo mai nauyin rabin bulo. Na tafi harkokina na 'yan watanni.

Da na dawo, da dare ne, kuma an ɗauke wuta. Ƙofa ta koma ja, tauraron ya zube. Na zura makulli ya ƙi juyawa. Na zuba man gyaɗa, na yi bisimilla, na murɗa da ƙarfi, sai rabin makullin ya biyo hannuna. Na zagaya baya na tura taga, na cire hula, na tattare babbar riga, na sa kai. Kai ya wuce, kafaɗa ta wuce, tumbi ya ce shi nan zai kwana. Ina cikin wannan hali, rabi a gidana rabi a Ghana, sai na ji an haske ni da tocila ta baya, mata sun fara kururuwa. Ban iya Fantanci ba, amma kalmar ɓarawo ba ta buƙatar tafinta. Allah ya taimake ni Egya ya gane takalmina. Matasa biyu suka ja ni ta ƙafa, wani ya kawo guduma aka fasa kwaɗon, ya ruguje a bugu ɗaya. Da safe na ga tsohon gambuna na odum a ɗakin ajiyar komar Egya, yana buɗuwa yana rufuwa ba ko ƙara. Na saye shi a hannunsa. Ya yi mini ragi saboda maƙwabtaka.

A Kano abokin gabar gida ruwan 'yan watanni ne da gara. A nan iskar da kake shaƙa ce. Tana ɗauke da gishiri dare da rana, ta ratsa kankare ta kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginshiƙin daga ciki. Sabon kwanon da na rufa ya huje ta wajen ƙusoshi, fanka ta tsaya, zif ɗin jakata ya ƙi motsi, har allurar injin ɗinkin da na kawo ba ta tsira ba. Rijiyar tsakar gida kuwa zartsi ce. Sabulu ba ya kumfa, shayi ya koma romo. Limamin Zango ya tabbatar mini alwala da ruwan teku ta inganta, na ce alhamdulillahi, ko ba komai an samu abu ɗaya da gidan ya dace da shi.

Ranar Talata masuntan wannan gaɓa ba sa shiga teku, al'ada ce tun kaka da kakanni. Na ɗauka ranar hutuna ce. Ashe ranar ce ake shanya koma a gyara ta, kuma filin da ake shanyawa tun kafin a haifi kakana shi ne wanda takardata ta kira farfajiyar gidana. Na fito da takardar, suka karɓa da ladabi, suka duba hatimin, suka yaba kyansa, suka miƙo mini wani gefen komar in riƙe. Yanzu na iya ƙulli iri biyu, kuma in an ja koma ana ajiye mini kasona na kifi.

Uwargida ta zo bayan an sake rufi da kwanon alminiyam, an kankare simintin an shafa farar ƙasa. Ta zagaya ɗakunan ba ta ce komai ba. Da tsakar dare ta tashe ni.

"Alhaji, wai ƙarfe nawa suke kashe injin nan?"

"Wane inji?"

"Wannan da yake ta gurnani tun magariba."

Na ce teku ne, Hajiya, ba a kashe shi. Ta yi shiru, can ta ce, "Kuma da kuɗinka ka saya." Da asuba ta sa ƙafa a takalmi ta tarar da ƙaguwa ta riga ta. Ihun da ta yi ya tara mutanen da suka taru ranar taga, har wasu suna tambaya ko Alhaji ne ya sake maƙalewa. Na fara ba ta haƙuri ina ɗora laifi a kan dillali, ta katse ni ta ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sauran kwanakinta a Zango ta yi su, wajen matar mai masaukina, inda ake samun koko da ƙosai da mutanen da ke magana a ji.

Wata yamma ina zaune da Egya na ce masa aiki dai ya ƙare. Ya tambayi layin kwakwa nawa nake gani tsakanin baranda da ruwa. Na ce ɗaya. Ya ce da yana yaro uku ne, kuma gidan da aka haife shi yana can inda kwalekwalen nan ke lilo. Ya ba ni labarin Keta, can gabas kusa da iyakar Togo, inda teku ya cinye unguwanni, ya rushe wani sashe na ganuwar da Turawan Denmak suka gina a 1784, sai da gwamnati ta jibge manyan duwatsu aka samu sauƙi. Tun daga ranar, in na idar da sallar asuba sai na leƙa na tabbatar layin nan ɗaya yana nan.

Na kira magini na ce ya yi mini lissafin duwatsun da za a jera a gaban gida, daga wancan kwakwa zuwa wancan. Ya auna da taku, ya kalli ruwa, ya kalli sama, ya ce miliyan biyu. Na ji daɗi ƙwarai, na sa hannu a aljihu na zaro sidi ɗari biyu, har na ƙara masa ashirin na shan ruwa. Ya dubi kuɗin, ya dubi tafinta, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Yaron ya jawo kujera ya ajiye a bayana.

"Baba, zauna tukuna. Wannan karon sabon kuɗi yake nufi."