Jidda zuwa Madina awa guda ce, mutanen Mai Wurno

Dattawan Mai Wurno da na ƙauyukan Jazira, Allah ya ja da ranku, yau da ku nake. An ce muku daga Jidda zuwa Madina awa guda ce a jirgin sama, kun kaɗa kai kun ce zuƙi ta malle ce. Wani baffa ma har da rantsuwa: shi ya bar masauki da hantsi, bai ga Ƙubba Koriya ba sai bayan la'asar.

Baffa, rantsuwarka ba kaffara, amma lissafinka da gyara. Tsakanin biranen nan biyu, idan aka miƙe ta sama, kimanin kilomita 350 ne. Jirgin fasinja kuwa yana cin kusan kilomita 800 a awa. Da a ce gudun zalla ne, ko rabin awa ba za a yi ba. Hawa da sauka da rarrafe a kan titin jirgi su ke cike awar. Kafin ma'aikaciya ta gama raba ruwa, an ce a ɗaura bel. Sauran yinin naka a ƙasa ka ɓatar da shi: layin awon kaya, layin bincike, neman takalmi ɗaya da ya ɓace, sai rigima a kan jarkar Zamzam.

Masu musun cewa Jidda da Madina a nahiyar Asiya suke, ku ma ku matso. Kun ɗauka Asiya sai Sin da Indiya. To, duk wanda ya hau jirgin ruwa a Sawakin ya ƙetare Bahar Maliya, ya bar Afirka ke nan. Alhazanku sun daɗe suna zuwa Asiya, ba su dai sani ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wai ku ne ke ƙorafin jinkiri. Ku fa jikokin waɗanda suka taso a ƙafa ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin kogi kusa da Sinnar. Wasu suka biyo baya da jakuna, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925, wai sai sun tara kuɗin jirgi su wuce. Ga shi an haura shekara 100, an yi jikoki da tattaɓa kunne, har yanzu idan an tambayi wani tsoho sai ya ce kan hanyar Makka yake. Mai irin wannan zango ne zai tsargu da zaman awa uku a filin jirgi?

Wanda har yanzu bai gamsu ba, akwai jirgin ƙasa na Haramaini tun 2018, mai gudun kilomita 300 a awa, yana kai mutum Madina daga Jidda cikin kamar awa biyu. Ku hau wannan a zuwa, ku hau na sama a dawowa, kowa da agogonsa a hannu. Sharaɗi ɗaya ne: wanda barci ya kwashe tun kafin a tashi, ba a karɓar shaidarsa a majalisa.