Shawarwari Ga Mai Son Sayo Faifan Fim Daga Waje Yana Zaune A Kudenda

Da ku nake, ku da har yau kuke son fim ɗinku a faifai, cikin kwalinsa, da hoton jarumai a bango, a jere kan kanta. Mun ragu, amma muna nan. Mu ne muka gaji da faifan nan na "ashirin a ɗaya" da ake bazawa a bakin titi, wanda fuskar jarumi ke narkewa da zarar ya waiga, magana na gaba, baki na biye da ita. Mu ne muka zaga Kasuwar Gumi da Kasuwar Barci muka tarar masu kaset na da sun koma sayar da caja da gilashin waya. Sai intanet ta nuna mana cewa a Ingila da Amurka da Indiya akwai Mother India na 1957, akwai Sholay na 1975, akwai fim ɗin Umar Mukhtar, duk an wanke hotonsu fes. Daga nan ne wahala take somawa. Ban daɗe da fitowa daga cikinta ba, shi ya sa na ce bari in rubuta tun da zafinta.

Ba zan tsaya koya maka buɗe shafin Amazon ko eBay ba, ko yadda ake zuba kaya a kwando. Ka iya. Na san ma kwandon naka cike yake tun bara, kana leƙa shi da daddare.

Na ɗaya: ka yi lissafi kafin fim ya shiga ranka.

Kafin watan Yuni na 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba. A farkon 2024 ta haura 1,500. Faifan bai canja ba, jarumin bai ƙara ko naushi ɗaya ba, amma kuɗinsa ya ninka uku a aljihunka. Sannan ga kuɗin dako, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin faifan kansa, kuma ba ya fitowa fili sai a shafin ƙarshe, bayan ka gama shirya inda za ka ajiye kwalin. Sai maganar kati. A 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe ƙofar baki ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. Don haka ka tambayi bankinka tukuna. Wanda katinsa ya taɓa ƙi, aka cire kuɗin, kayan ba su tafi ba, aka ce ya jira "kwanakin aiki", ya san abin da nake nufi. Dabarar da ta rage ita ce haɗa kai: ku tara buƙatunku ku uku ko huɗu a kwali ɗaya, ku raba dakon.

Na biyu: ka duba ɗan hoton duniya da ke bayan kwali, da lambar da ke cikinsa.

Nan zan daɗe, ka gyara zama. Lokacin da aka fito da DVD, a Japan a 1996, a Amurka a 1997, manyan kamfanonin fim suka zauna suka yanka duniya gida shida. Amurka da Kanada suka ɗauki lamba 1. Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu suka sami 2. Kudu maso gabashin Asiya 3, Kudancin Amurka da Ostireliya 4, Sin ita kaɗai 6. Mu sauran Afirka aka haɗa mu da Rasha da Indiya a lamba 5. Faifan da aka kulle wa gida ɗaya ba zai buɗe a na'urar wani gida ba. Dalilinsu shi ne su sarrafa ranar da fim zai fita a kowace ƙasa da farashin da za a sayar da shi. To, na ji. Amma ni da na biya kuɗin asali, na biya dako, na guje wa jabu da gangan, ni ne allo zai rubuta wa cewa wannan faifai ba na yankina ba ne? Sun sayar maka da akuya, sun riƙe igiyar. Mai kwafin jabu kuwa ko a jikinsa, domin abu na farko da yake cirewa shi ne wannan kulle. Wato mai gaskiya kaɗai dokar take kamawa. Wannan abu yana ƙona mini rai ƙwarai.

Kuma wa yake buga fina-finai masu kyau domin gida na 5? Ka je ka duba. Kusan duk abin da aka gyara da kyau, an buga shi ne domin 1 ko 2. Har fina-finan Afirka. Kamfanin Criterion na Amurka ya fitar da Black Girl na Usman Sembene ɗan Sanagal cikin shiga mai kyau, amma domin kasuwar can. Ɗan Afirka ya yi fim a kan 'yar Afirka, ɗan Afirka a Kudenda sai ya nemi dabara kafin ya kalla.

Dabarar kuwa tana nan kusa. Galibin ƙananan na'urorin nan marasa suna da ake kawowa daga Sin ba ruwansu da lamba, duk abin da ka ba su ci suke yi. Mai tsada mai babban suna ita ce mai tsaurin ido. Ka je shago da faifanka a hannu, a gwada a gabanka kafin ka biya, gani ya kori ji. Kada ka dogara da kwamfuta: tana barin ka canja yanki sau biyar ne kawai, daga nan ta kafe a kan na ƙarshe. Idan ka ga 0 ko kalmar ALL, faifan a buɗe yake, kuma yawancin na Indiya haka suke zuwa. Shi kuma Blu-ray nasa rabon daban: A, B, C. A can mun koma B tare da Turai, Indiya ta tafi C, Amurka tana A. Dangantakar da DVD ya ƙulla mana da Indiya, Blu-ray ya warware ta. Ka ga na Ingila zai yi maka, na Amurka sai ka bincika.

Tunda muna bayan kwalin, ga wani abu kuma. Za ka ga PAL ko NTSC. Nijeriya PAL take bi, Amurka NTSC. Talabijin na yanzu yana karɓar duka biyun, tsohon mai ƙusumbi ne yake mayar da hoto baƙi da fari. Sai dai masu kunne su sani: ana ɗaukar fim da hoto 24 a daƙiƙa, PAL kuwa yana gudu da 25. Fim ɗin awa uku sai ya ragu da kusan minti 7, muryoyi su ɗan sirance. Wanda ya tashi da muryar Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar a kunnensa zai ji cewa an taɓa wani abu, ko da bai san mene ne ba.

Na uku: adireshi.

Takardar da za ka cike tana son lambar gida, sunan titi, da lambar shiyya. An tsara ta ne domin garuruwan da kowace ƙofa take da lamba a goshi. Mu kuwa a Kudenda kwatance muke yi. Ka biyo titin Nnamdi Azikiwe, ka wuce kamfanin fulawa, ka bar hanyar tashar lantarkin nan mai megawat 215 da aka ba da kwangilarta tun 2009, ka shiga layin da babu kwalta, ka tambayi mai shayi. Wannan kwatance bai taɓa ɓatar da baƙo ba, amma layin takardar ba ya ɗaukar rabinsa. Lambar shiyyar Kaduna tana farawa da 800, guda shida ce, ka nemo ta unguwarku ka rubuta. Ka lura da jerin ƙasashe: da Turanci Nijar tana zaune daf a saman Nijeriya, yatsa na zamewa kaɗan kayanka sun nufi Yamai. Mafi sauƙi, ka ba da adireshin wurin aiki ko shagon wani amintacce a Kakuri ko kan titin Ahmadu Bello. Ka sa lambar waya mai shiga, domin komai ka rubuta, ƙarshenta kiran waya ne. Ga yadda muka yi da yaron da ya kawo kwalina:

"Oga, ina ne wajen naku? Na iso gada."

"Wace gadar, Malam?"

"Gada dai."

Kaduna gari ne da kogi ya raba biyu, gada ba ɗaya ba ce. Sai da muka yi ta zagaye da juna a waya har kati ya ƙare, daga bisani ya ce ya koma ofis, in zo gobe da katin shaida. Na je gobe, aka ce mai mabuɗin ɗakin kaya ya fita. Ba na zargin yaron, rana ce ta dake shi, mai kuma ya yi tsada. Abin da nake tambaya shi ne, yaya kwali zai ƙetare teku da hamada cikin 'yan kwanaki, sannan tsallaka kogin Kaduna ya gagare shi?

Na huɗu: harshe. Ka karanta jerin harsunan da ke bayan kwali. Jamusawa suna son fim ɗin Indiya, suna buga shi da kyau da araha, amma za ka iya buɗewa ka ji Shah Rukh Khan yana kuka da Jamusanci, ba rubutun Turanci ko layi ɗaya. Wasu faya-fayan Faransa kuma rubutun Faransanci a manne yake, rimot ba ya cire shi.

Na biyar: haraji. A watan Satumba na 2025 hukumar kwastam ta sanar cewa ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba babu haraji a kansu. Ka buga rasit ɗinka a takarda, ka riƙe a hannu, ka yi sallama da ladabi.

Na shida: lambar bin sawun kaya. Za ta ce maka kaya sun bar Landan. Za ta ce sun iso Legas. Daga nan sai ta yi shiru. Ba ni da shawara a nan, sai addu'a.

Na bakwai, ko na takwas ne, ajiye faifai a tsaye, nesa da rana da ƙurar hunturu, kada yara su riƙe shi da hannun mai. Na'urar da aka sayo daga Amurka wutar 120 take sha, tamu 230 ce, sai ka duba kafin ka jona. Ka tanadi man janareta tun kafin ka zauna kallo. Akwai kuma maganar aiken ɗan'uwa mai dawowa daga Ingila, wanda zai ce maka jaka ta cika da tsarabar surukai. Bar wannan, zumunci ya fi faifai.

Na daina ƙirga, domin akwai maganar da ta fi waɗannan cin raina. Ranar da kwalin ya iso, ɗan yayata ya juya shi a hannu ya ce, "Kawu, duk wannan wahalar a kan wannan? Ai da ka ba ni wayarka na kai wa masu tura fim, kafin la'asar an zuba maka." Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Duniya tana barin faifai. Netflix da ta fara da aika DVD ta gidan waya ta rufe wannan sashe a watan Satumba na 2023. Amma fim ɗin da yake kan intanet ba naka ba ne. Yau yana nan, gobe yarjejeniya ta ƙare an sauke shi, ko a ce ba a nuna shi a ƙasarku, ko data ta ƙare ana tsakiyar faɗa. Na waya kuma an matse shi har duhun dare ya zama tabo, ranar da waya ta faɗa ruwa ya tafi. Faifai na asali yana kan kanta, ka ba maƙwabci aro, ka nuna wa 'ya'yanka abin da ubansu ya kalla a silima lokacin da ake kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi.

To su Indiyawa da Turawa sun adana nasu, shi ya sa muke samun abin saye. Namu fa? Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana zaton ya ɓace. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finan Balin na 2018. Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu. Amma fim ne na Hausa, labarin Hausa, kuma mutanen Jamus sun riga yawancin Hausawan yau ganinsa da kyau. Ina Turmin Danya na 1990? Ina kwafi mai tsabta na Sangaya da Wasila, waɗanda suka cika Ƙofar Wambai da Bata da masu saye? Kaset yana cin kansa a cikin zafi, faifan bidiyo yana karcewa, waɗanda suka riƙe na asali suna tsufa. Ina iya zama a Kudenda in sayo fim ɗin da aka yi a Bombay shekara sittin da suka wuce, garau, amma ban san shagon da zan shiga in sayi fim ɗin da aka yi a Kano ko Kaduna shekara ashirin da biyar da suka wuce cikin irin wannan daraja ba. Wannan ba abin dariya ba ne.

Don haka shawarata ta ƙarshe ba ta masu saye ba ce, ta masu fim ce. Furodusoshin Kannywood na farko, da magadansu, ku binciko akwatunanku. Ku nemo kaset na asali tun bai mutu ba, a juye shi da kyau, a gyara sauti, a sa rubutun fassara, a buga ko da kaɗan ne, cikin kwali mai sunan kowa da shekarar da aka yi. Kada ku sa masa kullen yanki, domin Bahaushe yana Kumasi, yana Yamai, yana Jidda, yana Landan. Ku faɗi farashinku ba kunya. Mu da muka biya dako daga Ingila ba za mu kasa biyan kuɗin mota daga Kano ba.