Ranar da Na Tayar da Injin Baba

Sabuwar shaddata tana can kan igiya tana ɗiga, don haka bari in ba da labarin nan da bakina tun kafin yaran gidanmu su riga ni kai shi majalisa.

A gidanmu na Bulumkutu akwai injin wanke-wanke da ya girme ni. Marigayi Baba ya saye shi a hannun wani Bature, malami a Jami'ar Maiduguri, da ke tattara komatsansa zai koma gida bayan darajar naira ta soma zubewa a 1986. An ce sau biyu ya taɓa aiki. Daga nan Hajiya ta mai da shi ma'ajiyar kwalaben humra da turaren wuta, wai robar bakin ƙofarsa ba ta barin ƙamshi ya tsere.

Jiya aka yi sunan ɗan yayana. Bayan la'asar kwanuka suka taru tsibi guda, duk sun sha burabusko da manja. A cikin baƙi akwai gwaggon yarinyar da nake nema, tana zaune a kan tabarma daidai ƙofar kicin. Kwatsam aka kawo wuta. Nan Shaiɗan ya raɗa mini a kunne.

Na kwashe turaren Hajiya, na jona tiyo daga tanki, na jera farantai da cokula har da kwanon samira. Na ɗebi omo da hannu har sau uku na zuba, na bi shi da rabin gorar sabulun ruwa don ladan gaba. Na gyara zaman hulata zanna bukar, na murɗa maɓalli, na ce da ƙarfi yadda za a ji daga tabarma: "Mata su huta, yau aikin na ilimi ne."

Abin da ban sani ba, wanda sai da tsakar dare na karanta a waya bayan aikin gama ya gama, shi ne injin nan ruwa kaɗan yake ɗiba, ya yi ta juya shi yana fesawa ta wani ƙarfe mai huji-huji da ke wulwulawa a ƙasa. Shi ya sa yake da sabulunsa na daban, marar kumfa. Wato ni maburgi na ba omo.

Da farko gurnani ya yi kamar tsohon rago. Sai ya soma rawa, yana matsowa kaɗan-kaɗan. Sai kumfa ta leƙo ta ƙasan ƙofa, fara tas, tana ƙamshin humrar shekara da shekaru. Wata yarinya ta ƙwala ihu, "Ruwa!" Tun ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 ba a wasa da wannan kalma a Maiduguri. Mata suka suri 'ya'yansu, wata ta yi waje da takalmi ƙafa ɗaya.

Ihun ne ya shigo da maƙwabcinmu, dattijo tsohon direban tirela da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Gamboru. Ya tsaya ya goya hannu a baya, ya ƙare wa injin kallo.

"Ɗana, lagireto ne ya tafasa. Kada ka buɗe masa baki."

"Baba, ba mota ba ce."

"Inji ai inji ne. Ka bar shi ya yi silo."

Kumfa ta kai mini idon sawu. Injin ya ƙara taku ɗaya. Baba direba ya fita da sauri, na ce alhamdu lillahi, ya tafi kashe wuta daga mita. Sai ga shi da dutse. Ya tattare babbar riga, ya durƙusa, ya cusa dutsen a ƙarƙashin injin, ya miƙe yana kaɗe hannu. "To, na sa masa weji. Ba zai gangara ba."

Ni kuwa na yanke shawarar in tsallaka in zare soket. Taku ɗaya na yi. Ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta nufi Damaturu. Na kai hannu in kama wani abu, abin da na kama kuwa marfin injin ne. Ya buɗe, ni na zauna daɓas, ruwan ɗumi mai manja ya sauko mini a cinya.

Ba faɗuwar ce ke hana ni barci ba. Hular ce. Ta fice daga kaina, ta sauka a kan kumfa a tsaye cak, sannan ta kama tafiya a hankali, kamar kwalekwalen masunta a Baga. Ta wuce ni. Ta wuce dutsen Baba. Ta fita ƙofar kicin. Kowa ya yi tsit yana rakiyarta da ido har ta je ta tsaya a bakin tabarma. Na rufe ido na buɗe, tana nan dai. Gwaggo ta sa yatsu biyu ta ɗaga ta, ta bari ta tsane, ta dube ni ina zaune cikin kumfa har ƙugu, ta ce, "Sannu da ilimi."

Baba bai ko dubi inda nake ba. Kansa yana cikin injin. "Na ce kada a buɗe masa baki," in ji shi. "Yanzu ga shi ka sa ya sha iska. Gobe da sassafe a tura shi, zai tashi."

Farantan suka fito yadda suka shiga, sai dai ɗaya na roba da ya faɗa kan ƙarfen dumama ruwa ya lanƙwashe kamar kunnen akuya. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Baho biyu ta ajiye mini da soso, na wanke su ɗaya bayan ɗaya har aka kira isha'i, yaran unguwa suna leƙe ta katanga.

Da safen nan ta goge cikin injin ta mai da kwalabenta. Dutsen yana nan a ƙarƙashinsa, Baba ya ce kada a cire.