Yadda Ake Sallamar Hunturu Ba Tare da An Taɓa Shebur Ba

Ƙanen wani abokina da ke karatu a Kanada ya bugo waya yana kuka da yanayi. Wai ƙarshen sanyi ya zo musu da ruwa da hazo, dusar ƙanƙarar da ta taru tun Disamba ta fara narkewa, ruwa ya cika musu ɗakin da ke ƙarƙashin gida. Na yi masa jaje. Da muka gama na ɗaga kai ban ga rana ba, na sunkuya na ga faso ya raba mini diddige gida biyu, na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mu nan Barkiya ba mu da ƙanƙarar da za ta narke. Abin da ke narkewa a wurinmu katangar ƙasa ce, ita ma sai damina ta kankama. Tsakanin ƙarshen hunturu da ruwan fari kuwa akwai wata uku cur, kuma ɓata su a banza yana son gwaninta. Bari in koya maka, don na daɗe a sana'ar.

Kafin komai, kada ka yarda hunturu ya tafi don kawai ya yi sallama. Irin baƙon nan ne da ake raka shi bakin zaure ya dawo ya ce ya manta hularsa. A tsakiyar Fabrairu zai ɗaga ƙafa kwana huɗu, zafi ya leƙo, ka wanke rigar sanyin da ka saya wurin 'yan gwanjo a Dutsin-Ma, ka ninke ta ka tura ƙasan akwati. A daren nan zai dawo. Da asuba kai da buta ku yi ta kallon-kallo, ladan na ta kira. Saboda haka ka bar rigar a jikinka har Maris ko da gumi na tsiyaya. Wanda ya tambaya ka ce mura ce.

Hazo kuwa ka san asalinsa don ka samu abin faɗa wurin mai shayi. Yawancinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe shekaru dubbai. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙurar ta watsa mana, wadda ta fi zuciya kuma ta tsallaka tekun Atilantika ta sauka a dajin Amazon ta zama taki. Wato ƙurar da ta kwanta a kan kokonka, 'yan'uwanta na can suna ciyar da itatuwan Burazil. Kada ka zubar, shanye abinka. Hazo yana da wasu alherai: mai bin ka bashi ba ya hango ka sai kun yi karo, jirage kuma su kasa sauka a Kano da Katsina, manya su ɗanɗana jiran mota irin namu. In za ka Kurfi a irin wannan safiya, ka zauna gidan gaba ka taya direba addu'a, don shi ma da ita yake tuƙin.

Abu ɗaya ban sa shi cikin raha ba: kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ruf. Hayaƙinsa ba ya tashin mai barci. A ji ɗumi, a fitar da shi waje kafin a kwanta.

Yanzu mu zo ga babban aikin, wato ƙin aiki. Soron gidanka na son yaɓe. Indararo ya toshe da sheƙar tsuntsu. Kwalbatin ƙofar gida ya cika da toka, da ledar fiya wata, da takalmi wari ɗaya wanda ba a san mai shi ba. Gwamnatin Shagari sai da ta kashe maƙudan kuɗi kafin a kammala dam ɗin Zobe a kan kogin Karaɗuwa a 1983, kai kuwa ga naka dam ɗin ka gina kyauta, ba ɗan kwangila ba injiniya. Abin alfahari ne, kada ka bari a rushe maka.

Uwargida za ta fara tun da wuri. "Malam, soron nan fa bara a kan buhun gero ya yi yoyo." Ka ce, "An ji, Hajiya, ranar Juma'a in Allah ya yarda." Kada ka kuskura ka faɗi wace Juma'ar. A Fabrairu hujjarka sanyi ne, wa zai sa ƙafa cikin kwaɓin ƙasa da wannan faso? A Maris da Afrilu hujjarka zafi ne, ana kwana a tsakar gida, ana gargaɗin sanƙarau, ba mai hankalin da zai hau soro. In Mayu ya kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ka yi ajiyar zuciya ka ce ai lokaci ya ƙure, ga sharar gona, ga kai taki. Ka ga wata uku sun wuce lafiya, shebur na jingine inda ka bar shi bara.

A farkon kowace shekara hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina, yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke. Ka saurara a rediyo da kyau don ka samu abin musu. In hasashen ya kauce ka ce dama su suka halicci ruwan? In ya yi daidai ka ce ai tun ran nan ka faɗa. Haka nan in yayyafin yaudara ya sauka, wanda ko ƙura bai gama kashewa ba, kada ka tsaya tona ƙasa kamar tsofaffi don ganin inda laima ta kai. Kwashi irin gaba ɗaya ka zuba. In aka yi sati uku ba ɗigo, tsiro ya ƙone, maƙwabci yana da iri, kuma zumunci ai don irin wannan rana aka yi shi.

Wani ɗan boko zai ce maka ruwa ba ya manta hanyarsa, a bar kududdufin bayan gari yadda kakanni suka bar shi, a daina cike shi ana yanka fuloti. Zai ma kawo maka misalin Yamai, inda kogin Kwara ke cika a Disamba da Janairu babu hadari ko ɗaya a sama, don ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini da damina sai ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso. Gaskiya ya faɗa, amma ka ce masa nan ba Yamai ba ce. In ya ambaci Jibiya kuwa ka yi shiru. A watan Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya ci mutum fiye da 40 a can, ya rushe ɗaruruwan gidaje. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye na gaba.

Ranar da ruwan gaske ya sauka, kusan kullum da tsakar dare yake zuwa, ga yadda ake karɓarsa. A jera robobi da kwanoni da tukunyar miya a ƙarƙashin yoyo. Yara su hau gado da akuya. Kai kuma ka kama waya da haƙori tana haska maka, ka hau soro da buhu da leda, ka yi cikin minti goma ƙarƙashin tsawa aikin da ka ƙi yi cikin kwana casa'in. Kada ka dubi fuskar uwargida, ba abin da za ta ce, kuma shirun ya fi maganar ciwo. Da gari ya waye ka fara raba laifi: kaso mafi tsoka na gwamnati ne, saura na maƙwabcin da indararonsa ke kallon katangarka. Ka nemi wuri mafi zurfi ka tsaya, ka naɗe wando, a ɗauke ka hoto a sa a Facebook. Daga nan ka wuce wurin mai unguwa a rubuta sunanka, taliya da tabarma za su iso da kaka, lokacin da ƙasa ta bushe.

Ni dai bana na tuba, na yi niyyar hawa soro ranar Juma'a. Wanda ya ari tsanina bara, don girman Allah ya dawo mini da shi kafin Mayu.