Buhun Amini Ma Ana Soka Shi

Ƙarshen wata ne, ana haɗa albashi a wani kamfanin sayar da kayan masarufi a Kano. Manajan dattijo ne mai saurin hawa, amma an san shi da adalci. Ya aika a kira masa saurayin da ke kula musu da kwamfutoci. Fayil ɗin Excel na albashi yana buɗe a gabansa. Wani layi ruwan ɗorawa ya gitta saman allon yana sanar da shi an dakatar da makiro, ga kuma wani akwati yana tambaya ko a sabunta alƙaluman da ake ɗebowa daga wasu fayiloli.

"Kai, zo ka cire mini wannan abin," in ji shi. "Kullum sai ya tsare ni da tambaya. Akawunmu ne ya haɗa fayil ɗin nan, shekara goma muna tare da shi. Inji ne zai koya mini wanda zan yarda da shi? Kashe shi gaba ɗaya, nawa da na sauran ma'aikata."

Saurayin ya san inda ake kashewa, aikin minti ɗaya ne. Ya kuma san ba a ce wa babba a'a a gaban yaransa. Sai ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama. Amma kafin in taɓa, ka yi mini izini in ba ka labarin kakana, don allon nan shi ya tuna mini."

Manajan ya ɗaga masa hannu, alamar ya yi sauri.

"Kakana ɗan kasuwar hatsi ne, yana da sito a Dawanau. Yana da wani tsoho mai tsaron siton, wanda ba ya rabuwa da wani siririn ƙarfe mai rami a ciki. Duk buhun waken da za a shigar, sai ya soka masa ƙarfen nan, ya tara tafin hannu, ya murza, ya hura, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gatsa. Sannan ya ce wa 'yan dako su wuce. Mota guda sai ta ci rabin yini ana saukewa.

"To, kakana yana da amini a ƙauye wanda ya shekara talatin yana kawo masa wake, ko sau ɗaya bai taɓa ha'intarsa ba. Buhunansa duk da alamar jan fenti a gefe. Wata rana aminin ya zo da kansa, yana tsaye tsohon nan yana soka buhunansa ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta kama kakana. Bayan baƙo ya tafi ya kira tsohon ya ce, 'Daga yau buhun da ke da jan fenti kada ka ƙara soka shi. Mutumin nan ya fi ƙarfin bincike.' Tsohon ya ce, 'Alhaji, ai ba shi nake sokawa ba.' Kakana ya ce ya dai faɗa. Tsohon ya rataye ƙarfensa.

"Aiki ya yi sauƙi, kowa ya ji daɗi. Kafin kaka ta ƙare, duk wanda ke hulɗa da siton ya san jan fenti ba ya tsayawa a bakin ƙofa. A shekarar kuma waken aminin bai kai yadda aka yi alkawari ba, sai ya sayi ciko a hannun wani, ya zuba a buhunansa da zuciya ɗaya, bai san da ƙwari a ciki ba. Wani kuma ya samu tsofaffin buhunan aminin da aka sayar, ya cika su da waken bara, ya ɗinke, ya turo.

"Da bazara ta kama, farashi ya tashi, aka buɗe sito. Tun daga bakin ƙofa ake jin motsi a cikin buhuna. Aka farke na farko, wake duk huji, rabinsa ya koma gari. Aka farke waɗanda tsohon ya soka da hannunsa ya tabbatar lafiyarsu ƙalau, su ma ƙwarin sun ratsa su. Kakana ya zauna a kan buhu ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, 'Aminina bai cuce ni ba. Ni na karɓe ƙarfe daga hannun mai tsaro.'"

Ofis ya yi tsit. Manajan ya dubi layin nan ruwan ɗorawa, ya dubi saurayin, ya ce, "Daga nan sai ya yi yaya?"

"Sai ya ware kusurwa ɗaya a siton ya sa mata ƙofa, makulli a aljihunsa. Abin da aka auna aka ɗinke a gabansa kaɗai ke shiga can, kuma shi ba a soka shi. Sauran kaya, ko ɗansa na cikinsa ne ya kawo, sai an soka."

Manajan ya ce, "Bar shi yadda yake. Zo ka yi mini kusurwar."

Shi wannan dattijo ya ji, ya gyara. Na kawo labarin ne saboda akwai ofisoshi da yawa, na gwamnati da na 'yan kasuwa, da makarantu da ƙungiyoyin adashi, inda aka riga aka rataye ƙarfen, kuma har ana yaba wa wanda ya rataye shi da iya aiki.

Makiro ƙaramin shiri ne da ake rubutawa a cikin fayil don ya yi aikin da mutum zai yi ta maimaitawa: ya tara jimla, ya jera sunaye, ya fitar da takardar albashin kowa. Amfaninsa ba ya musantuwa. Sai dai da zarar an ba shi izini, yana iya duk abin da mai kwamfutar zai iya. Yana iya goge fayil, yana iya sauko da wani shiri daga intanet ya kunna shi, mai kwamfutar yana kallon lissafinsa bai ga komai ba. Layin ruwan ɗorawan nan shi ne tsoho mai ƙarfe. Tambayarsa a kan abin da ke cikin buhu take, ba ruwansa da halin wanda ya aiko.

Masu ɓarna sun daɗe da gane cewa sunan amini ya fi kowane makulli buɗe ƙofa. Tun 1996 aka samu ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Laroux tana yaɗuwa ta makiron Excel. A watan Maris na 1999 sai ga Melissa, wadda ta ɓuya a takardar Word. Duk wanda ya buɗe, sai ta aika kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshinsa na Outlook. Kowa ya ga saƙo daga wanda ya sani, kowa ya buɗe, wanda ya aiko kuwa bai ma san ya aiko ba. Aminin kakan nan ke nan da cikon wakensa. Daga baya wata ƙwayar cutar mai suna Emotet ta ƙara wayo: tana satar tsofaffin saƙonnin imel na gaske, ta ba da amsa a cikinsu da fayil a manne, kamar ci gaban zancen da aka faro jiya. Wannan shi ne tsohon buhu mai jan fenti da aka sake cikawa. Sai da 'yan sandan ƙasashe da dama suka haɗa hannu suka rushe ta a Janairun 2021, kafin shekarar ta ƙare kuma ta sake ɓullowa. A Yukren, a Disambar 2015, an yanke wa gidaje da wuraren aiki fiye da 200,000 wutar lantarki, kuma hanyar da maharan suka fara bi ita ce takardun Office masu makiro da aka tura wa ma'aikatan kamfanonin wutar ta imel.

Saboda irin wannan ne Microsoft ta ƙara tsanantawa a 2022. Fayil ɗin da ya zo ta intanet ko ta imel, Windows na sa masa alama, Office kuma ya toshe makironsa da jan layi, babu maɓallin da za a danna a wuce nan take. A cikin saitin Excel akwai zaɓin kunna kowane makiro ba tambaya, kuma kamfanin da kansa ya rubuta a gefensa cewa bai ba da shawarar a zaɓe shi ba. Duk da haka shi ake zaɓa a ofisoshi da yawa, don kawai a huta da dannawa ɗaya.

Tambayar sabunta alƙaluma ita ma tana da dalili. Fayil ɗin albashi yana iya ɗebo lambobi daga wani fayil na daban. Idan an taɓa wancan, ko an musanya shi da tsohon kwafi, lambobin nan za su canza shiru, a biya mutane da su, ba a gano ba sai an zo bincike. Tambayar tana ba ka dama ka duba daga ina ake ɗebowa kafin ka ce to.

Wanda gargaɗin ya gundura yana da kusurwar kakan nan. Excel ya yarda a ware folda guda a ce masa an amince da abin da ke cikinta. A sa fayilolin da aka haɗa a gida kaɗai, a taƙaita masu ikon ajiye abu a ciki. Kada a ba foldar da ake sauke kayan intanet wannan matsayi, kada a ba ilahirin kwamfutar, don yin haka daidai yake da cire ƙofar sito. Kamfanin da ke da makiro da yawa yana iya sa musu sa hannun lantarki, a saita Excel ya karɓi masu sa hannun kawai. Fayil kuwa idan ya zo daga waje, sunansa ya ƙare da xlsm, alhali lissafi kawai ake jira, a ɗaga waya a tambayi wanda ya aiko ko shi ya aiko, da kuma me makiron yake yi. Idan takarda da kanta tana roƙonka ka danna izini kafin ka ga abin da ke ciki, rufe ta.

Ya kai mai ba da umarni a ofis, yaron da ya yi jinkirin cire maka gargaɗin nan dukiyarka yake tsarewa, da albashin mutanen da ke ƙarƙashinka. Ka riƙe amininka da amana kamar yadda ka saba, ka kuma bar wa mai tsaro ƙarfensa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.