Yadda 'Yan Fashin Teku Suka Ci Ƙofar Durɓi

Daga Katsina zuwa bakin teku a Legas tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a mota. Ganuwar birnin ta ga Gobirawa, ta ga Kwararrafa, ta ga rundunar Ummarun Dallaje a 1807, ta kuma ga Gwamna Lugga da sojojinsa sun shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903. Jirgin ruwa ne kaɗai bai taɓa kawo mata hari ba, sai bana, a ɗakin baƙin wani magidanci da ke unguwar Ƙofar Durɓi. Kunya ta hana shi fitowa fili ya ce shi ne mai wannan rubutu, saboda haka a kira shi gogan naku.

Mai gwanjo ne ya jawo. Ya kwance dilar kayan wasan yara, motoci marasa taya da 'yan tsana masu hannu ɗaya, a ƙarƙashin tulin kuwa ga wata ƙatuwar leda maƙare da ƙananan bulo na roba, kala-kala. Gogan naku ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, aka sallama. Da ya isa gida ya ce tsarabar yara ce. Yaran kuwa sun taɓa ta, ranar da aka kawo.

Sunan wannan bulo LEGO. Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara sana'ar a garin Billund na ƙasar Denmark a 1932, da kayan wasa na katako. A 1958 kamfanin ya yi rajistar bulon da ake gani yau, mai 'yan maɓallai a sama da bututu a ƙasa, yadda idan ka danna ɗaya kan ɗaya sai su kama juna gam. Bulon wancan zamani har gobe yana shiga na bana. A 1978 aka ƙaro 'yan mutane masu tsawon kusan santimita 4, fuska rawaya, ɗigo biyu na ido da murmushi.

Gogan naku bai san da wannan ba sai da ya shiga intanet neman yadda ake harhaɗa kayan. Nan ya tarar da abin da ya ɗaure masa kai: manyan mutane, masu furfura da jikoki, sun ware ɗaki guda a gidajensu suna gina tarihi da wannan bulo. Wani ya gina fagen yaƙin Waterloo, wani tashar jiragen ruwa ta ƙarni na 18 har da gangunan barasa da mai tallan kifi. Suna kai wa baje koli, ana biyan kuɗin shiga a kalla. Wanda ya ƙarasa shi kuwa shi ne Ekow Nimako, ɗan asalin Ghana mazaunin Kanada, wanda ya gina birnin Kumbi Saleh na tsohuwar daular Ghana, yadda ya hango shi nan da shekara 1,000, da baƙin bulo kusan 100,000. Aikin yana hannun gidan tarihi na Aga Khan a Toronto. Gogan naku ya ajiye waya, ya dubi ledarsa, ya ce idan mutumin Ghana ya gina birni sukutum, ai Bakatsine ba ya kasa gina ƙofa ɗaya.

Kuma ƙofar ba ta banza ba ce. Sunanta yana komawa ga Durɓawa, waɗanda suka riƙe ƙasar kafin Korau ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓe sarauta, kamar yadda labarin ya zo. Kushewunsu na Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, inda Bature Palmer ya yi tono a 1907. Har yau Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani, yana kuma cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Tsarin gogan naku shi ne ya nuna Durɓi da mahayansa suna shigowa birni don hawan Sallah, a zamanin da ƙofa take da ƙyaure da mai gadi, ana rufe ta da almuru.

Sai ya juye ledar a tabarma.

Doki ɗaya ne. Raƙumi babu, don kamfanin ma sai a 2010 ya fara yin raƙuma. Abin da ke akwai shi ne biri, da aku, da kifin shak mai buɗe baki, da igwa guda biyu masu harbi da gaske, da akwatin zinariya, da tarin takubba, da mutane kusan ashirin waɗanda yawancinsu ba su da kamar mutanen kirki. Mai ido ɗaya a rufe, mai gemu buzu-buzu, mai ƙugiya maimakon hannu. Ashe yaron da ya mallaki ledar can a Turai masoyin 'yan fashin teku ne. Kamfanin ya fito da wannan rukuni a 1989, da babban jirgi mai suna Black Seas Barracuda da kyaftin ɗinsa mai jan gemu da ƙafar katako, kuma su ne farkon 'yan mutanen LEGO da aka yi wa wata fuska ban da murmushin nan. Wato daga cikin duk halittun kamfanin, marasa fara'ar ne suka keto Sahara suka sauka a Ƙofar Durɓi.

Dare guda ya kwana yana raya cewa kayansa na da tarihi. Ya karanta cewa a watan Fabrairun 1997 igiyar ruwa ta bugi wani jirgin dakon kaya mai suna Tokio Express kusa da gaɓar Cornwall a Ingila, kwantenoni suka zube a teku, ɗaya na ɗauke da ƙwayar LEGO kusan miliyan 5, da yawansu na harkar teku, kuma har yanzu ana tsintarsu a bakin ruwa. Da gari ya waye ya duba nasa da kyau. Na ainihi kowane maɓalli yana ɗauke da sunan kamfanin. Rabin nasa babu suna ko ɗaya, jabu ne, irin wanda ko dai ya ƙi shiga, ko ya shiga ya ƙi fita.

Mai son aiki na gaskiya ba ya gini da ka. Wata safiyar Asabar gogan naku ya sa hula, ya rataya biro a aljihu, ya ɗauki littafi da tef ɗin awo na tela, ya nufi ƙofa. Ya fara da ɗaukar hoto. Ya tsuguna ya kafa tef a gindin bango, ya rubuta. Kafin ya miƙe, 'yan acaɓa uku sun kashe mashin, mai shayi ya bar tukunya a wuta.

"Yallaɓai, sannu da aiki. Halan daga ofis kuke?"

Ya ce a'a, ƙofar yake son ginawa.

Nan fa magana ta fita daga hannunsa. Mutanen Katsina ba su manta da yadda aka haƙa gadar ƙasa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya ba, sun kuma san cewa kowane babban aiki da mutum mai littafi da tef yake farawa. Cikin ɗan lokaci labari ya kai bakin masallaci cewa za a rushe ƙofa a yi sabuwa, titi zai ci mita goma kowane gefe. Wani mai shago ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Yallaɓai, mi za a ba mai shago biyu? Ɗayan na ƙanena ne, amma ni ke biyan haya."

Gogan naku ya rantse cewa tasa ƙofar ba za ta wuce tsawon kwalbar lemo ba, da roba zai yi ta, a kan tebur. Aka yi dariya, aka ce ma'aikatan gwamnati akwai iya ɓoye zance. Mai shagon ya karɓi biron da kansa, ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a ƙasan awon bango, ya ja layi biyu. Aka kawo shayi da burodi, aka hana shi biya. Ya sha, don ƙin sha ma wata magana ce.

Ginin ya ci masa dare da yawa. Ƙwayoyi masu ruwan ƙasa ba su kai cikin tafi biyu ba, saboda haka ƙasan bangon ya fito ruwan ƙasa, tsakiya rawaya, sama ja da shuɗi. Da ya kai rufi sai ya gayyato wani dattijon maƙwabcinsa, tsohon magini da ya yi zamanin ginin ƙasa, ya zo ya sa albarka. Dattijon ya zauna, ya kalli abin ta gaba, ya kalle shi ta gefe, ya daɗe bai ce uffan ba.

"Ɗana, ina gindin?"

"Ga shi nan, Baba."

"Wanga ba gindi ba ne. Wanga kanti ka gina."

Daga nan aka shiga karatu. Tubalin Hausa da hannu ake mulmula shi, ba da ma'auni ba, mai faɗin ƙasa da tsinin kai, a shanya a rana, a jera shi tsini na kallon sama, a cike tsakani da laka. Bango yakan fara da kauri a ƙasa, yana tafiya yana ramewa har sama, shi ya sa yake ɗaukar nauyin kansa. Rufi da azara ake yi, itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. A shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. Kusurwa kuwa tafin hannu ke shafe ta, babu kaifi ko ɗaya. Dattijon ya ce ya je ya tsaya gaban hasumiyar Gobarau ya nemo masa layi guda da ya miƙe sak. Bulon Denmark kuma ba ya da abin da ya sani sai layi miƙaƙƙe: milimita 8 tsakanin maɓalli da maɓalli, tsayi milimita 9.6, ba ragi ba ƙari. Gaskiyar dattijon ce, kuma a ganin mai wannan rubutu nan ne wahalar take ga duk mai son gina garuruwanmu da wannan kaya. An yi shi ne don gidajen da aka auna da ma'auni, namu kuwa hannu ne ya san awonsu.

Aka rushe, aka sake. Da siraran ƙwayoyi, waɗanda uku suke daidai da bulo ɗaya, ya riƙa jan bangon ciki kaɗan-kaɗan har ya yi ɗan gindi. Zankwaye ya yi su da hancin wasu rokoki biyu da ya tsinta a ledar.

Saura jama'a. Kyaftin mai ƙafar katako ya zama Sarkin Ƙofa, tunda aikin ba na yawo ba ne. Sojoji masu jar riga, waɗanda kamfanin ya ƙaro a 1992 don su kama 'yan fashi, suka zama dogarai ba tare da an canza musu komai ba. Don girmama sarauta gogan naku ya ƙi ɗora ɗan fashi a kan dokin nan ɗaya. Ya lalubo wani ɗan kwana-kwana mai fara'a ya yafa masa alkyabba. Rawuna kuwa ya yanko su daga gefen wani farin mayafi da ya gani a ƙasan akwati, wanda ya yanke wa hukuncin tsufa shi kaɗai. Uwargida ta ce na bikin ƙanwarta ne, saura mako biyu. Kuɗin sabon mayafi ya ninka kuɗin ledar.

Ana cikin haka Hajiya mahaifiyarsa ta zo dubiyar jikoki. Ta leƙa ɗakin baƙi, idonta ya faɗa kan abin da ya ware gefe: baƙar tuta mai ƙoƙon kan mutum, da wani ɗan ƙwarangwal fari yana yaƙe haƙora. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Kai wannan, mi nake gani haka?"

"Tarihi ne, Hajiya."

Ba ta ƙara ce masa komai ba. Ta shiga ciki ta tambayi uwargida ko yana fita da dare, ko ya yi sababbin abokai. Da aka yi mata bayani har ta gamsu, sai ta ce abin da ya fi tuhumar ciwo: wai ai tun yana yaro haka yake, da damina ya kwaɓa laka ya yi shanu da ƙahon ƙaya, da kaka ya fere kara ya yi mota, bambancin kawai wancan lokacin ba a sa kuɗin cefane a ciki.

An gama ƙofa ranar wata Alhamis. Ya shirya ɗaukar hoto da hasken safe. Cikin dare aka ɗauke wuta. Da kiran assalatu ya taso a duhu, ba takalmi, ya bi ta ɗakin baƙi don ya gajarta hanya zuwa buta, ya ɗora dugadugansa da dukkan nauyinsa kan wani bulo mai maɓalli huɗu. Ƙarar da ya yi ta fito da maƙwabta, wani da tocila, wani da taɓarya, wata tsohuwa tana tambayar ko kunama ce a kawo tafarnuwa. A cikin tsallen ne gwiwarsa ta daki tebur. Na ainihin suka riƙe juna, jabun suka saki, Ƙofar Durɓi ta rabe gida uku.

Ya tafi aiki yana ɗingishi, ya bar umarnin kada a taɓa. Da ya dawo da la'asar ya tarar yaran sun karɓi tsarabarsu. Sun kifa bakan ƙofar ya zama cikin jirgi, sun kafa igwa a inda dogarai suke, baƙar tuta na saman hancin roka, aku na kan zanko. Sarkin Ƙofa ya koma kyaftin, amma ya riƙe rawaninsa. Ɗan kwana-kwana da alkyabbarsa suna tsaye a bakin katako, kifin shak na jira a ƙasa. Uwargida ta zartar da cewa tunda an ce na yara ne, na yara ne.

Yanzu gogan naku yakan zagaya ta wani lungu idan zai fita unguwa. Ba kullum dabarar ke ci ba. Ranar Juma'ar da ta wuce mai shagon ya tare shi bayan an idar da sallah, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Yallaɓai, har yanzu shiru. Ko in kawo hoton fasfo?"